Monembasiya: Gari Mai Ƙofa Ɗaya da Sunaye Barkatai

Da wuya a sami garin da sunansa ya faɗi gaskiya a kansa kamar Monembasiya. A harshen Girkanci kalmomi biyu aka haɗa, moni da embasis, ma'anarsu kuwa ita ce "mashiga ɗaya tak", kuma waɗanda suka raɗa sunan ba su yi ƙari ba ko kaɗan. Wani ƙaton dutse ne a cikin teku, daura da gaɓar kudu maso gabashin yankin Felofonisa na ƙasar Girka. Tsawonsa kimanin kilomita 1 ne, faɗinsa bai wuce mita 300 ba, samansa kuma shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, a bisa tsayin da ya kai mita 100 daga fuskar ruwa. Siririyar hanya guda ce ta haɗa shi da tudu. In an tsare ta, sai dai mutum ya biyo ta ruwa, in kuwa ya biyo ta ruwa, ganuwa da igwa suna jiran sa.

Wani taron masana harsuna ne ya kai ni birnin Atina, da aka watse sai na ga ina da rarar kwana uku kafin ranar jirgina. Abokan tafiyata suka zaɓi kasuwa, ni kuwa na zaɓi motar haya mai zuwa kudu. Tafiyar ta haura kilomita 300, ana ƙetare mashigin ruwan Korinti, a ratsa Tirifoli ta Girka, a yada zango a Sparta, sa'an nan a gangara ta cikin gonakin zaitun da lemo har bakin teku. Motar takan sauke mutane ne a sabon garin da ke kan tudu, wanda ake kira Gefira, wato "gada". Daga nan abin da ido ke gani dutse ne kawai, ja-ja, tsirara, ba alamar gida ko ɗaya. Da gangan aka yi haka. Garin yana ɓoye ne a gefen da ke fuskantar teku, ta yadda maharin da ya zo ta tudu ba zai ga abin da ya zo nema ba.

Bayan an ƙetare gadar, akwai tafiyar ƙafa ta kusan minti ashirin a gindin dutsen kafin a iso ƙofar gari. Ƙofar ta burge ni ƙwarai, domin fasalinta irin na zauren gidan Bahaushe ne: ana shiga wani soro mai duhu, sai hanya ta karya kwana, don haka wanda ke waje ba ya hango ciki. Mu mun yi namu ne domin sutura, su kuwa domin kada rundunar mahara ta sami damar kwararowa a miƙe. Ƙyauren ƙofar yana nan da sulkensa na ƙarfe, duk ya sha huda da harsashi. Mota ba ta wuce nan. Duk abin da za a shigar cikin gari, daga buhun siminti zuwa akwatin baƙo, sai a baro ko a bayan dabba.

Mai karatu zai so ya san abin da ya kai mutane masu hankali zama a kan dutsen da ba shi da ƙorama ko gona. Amsar ita ce tsoro. A ƙarshen ƙarni na 6, zamanin Sarki Mauris na Daular Rumawa, wanda ya yi mulki daga 582 zuwa 602, ƙabilun Abar da Silab suka kwararo daga arewa suka mamaye yankin Balkan har cikin ƙasar Girka. Mutanen lardin Lakoniya, wato jikokin Spartawan da tarihi ke yi wa kirari da jarumta, suka watse. Wasu suka tsallaka Sisili, wasu suka haye duwatsu da dabbobinsu, wasu kuma suka sami wannan dutse suka gina gari a kansa tare da bishof ɗinsu. Rumawan da nake nufi su ne waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Bizantin daga baya, alhali su kansu Rumawa suke kiran kansu, haka ma Larabawa ke kiran su. Hasali ma kisan da aka yi wa wannan Sarki Mauris a 602 shi ne hujjar da Kisra na Farisa ya riƙe ya buɗe dogon yaƙin nan da Suratur Rum ta yi magana a kansa, wanda Hiraƙla ya zo ya kammala da nasara. Ke nan an kafa Monembasiya ne a daidai lokacin da Manzon Allah (SAW) yake matashi a Makka. Wannan lissafi ya fi kowace shekara da aka rubuta a allon masu yawon buɗe ido taimaka mini wajen gane tsufan wurin.

Labarin gudun hijirar nan ya zo ne a wani ɗan gajeren kundi da ake kira Tarihin Monembasiya, wanda bai fi 'yan shafuka ba amma ya haddasa rigimar da ta fi ƙarfin girmansa. Kundin ya ce Silabawa sun riƙe mafi yawan Felofonisa har shekara 218. A 1830 wani masani mai rubutu da Jamusanci, Yakob Falmerayer, ya ɗauki wannan magana ya gina da'awar cewa Girkawan zamani ba jinin Girkawan da ba ne, Silabawa ne da Albaniyawa da suka ari harshe. Ya faɗi haka ne a daidai lokacin da Girka ke samun 'yancin kai, kuma Turai ke tallafa mata saboda ƙaunar Aflatun da Aristo, don haka maganar ta yi musu zafi ba kaɗan ba. A nawa ganin, tambayar tun asali gurguwa ce. Harshe ba a jini yake ba, a baki yake, kuma al'umma ba garken shanu ba ce da za a bi salsalarta ta hanyar kiwo. Mu da muke zaune a ƙasar da miliyoyin masu Hausa kakanninsu wani harshe suke yi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Duk da haka akwai wata shaida mai rai da ta fi takarda daɗin saurare. A arewa da Monembasiya, a garin Leyonidiyo da ƙauyukan da ke kewaye da shi cikin duwatsun Farnon, akwai ragowar masu magana da harshen Tsakoniyanci. Duk sauran kare-karen Girkancin zamani sun fito ne daga gamayyar harshen da ya bazu bayan Iskandari Mai Girma, shi kuwa wannan ya gangaro ne daga Doriyanci, karin harshen Sparta ta dā. Inda sauran Girkawa ke cewa imera, wato yini, su amera suke cewa, da tsohon wasalin nan na Doriyawa da ya shekara fiye da dubu biyu bai gusa ba. Ɗan rago kuwa banne suke kiran sa, da wani baƙi a farkon kalmar wanda ya ɓace daga Girkancin Atina tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hukumar UNESCO ta sanya harshen cikin waɗanda ke bakin kabari, domin galibin masu jin sa da kyau tsofaffi ne. Duwatsun da suka ɓoye shi daga mahara ba su iya ɓoye shi daga makaranta da talabijin ba.

Mu koma cikin gari. Unguwar ƙasa titi ɗaya gare ta na kirki, wanda bai fi mutum uku su jera ba, daɓe da duwatsun da ƙafafu suka goge har suna santsi. Lunguna ne suka ɓalle daga jikinsa, wasu su haura, wasu su gangara zuwa ganuwar bakin teku, da yawansu kuma ta ƙarƙashin gidaje suke bi. Kowane tsohon gida yana da rijiyar tara ruwan sama a ƙarƙashinsa, an shafe cikinta da wani irin farar ƙasa mai hana yoyo, indararo kuma na kai mata ruwa daga rufi. Wata dattijuwa mai gidan saukar baƙin da na kwana ta ɗaga mini murfin tasu, wadda yanzu take tsakiyar ɗakin karin kumallo, ta ce da ni kakarta takan auna zurfin ruwan da sanda a farkon rani, daga nan ta san ko za a yi wanki da yawa a shekarar ko kuwa a'a. A gari irin wannan, yawan rijiyoyi shi ne ainihin ƙarfin soja.

A tsakiyar unguwar akwai dandali, da tsohuwar igwa ta juya baki ga teku. A gefe ɗaya babbar majami'ar garin ce, ta Kiristos Elkomenos, ma'ana Almasihu da ake ja zuwa gicciye bisa aƙidar Kiristoci. A ɗaya gefen kuwa, suna kallon juna, wani gini ne mai ƙubba wanda ko ba a gaya wa Musulmi ba zai gane masallaci ne. Turkawa suka gina shi a ƙarni na 16, bayan tafiyarsu ya zama kurkuku, ya zama gidan shan gahawa, a ƙarshe aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ita majami'ar ta sha sata daga manya da ƙanana. Sarkin Rumawa Ishaƙu na Biyu, wanda ya hau mulki a 1185, ya sa an ɗauke shahararren hoton ibadar da ta samo sunanta daga gare shi, aka kai Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau. A 1979 kuma ɓarayin kayan tarihi suka sace wani allon zanen gicciye na ƙarni na 14, suka tsaga shi gida-gida don ya yi sauƙin ɗauka. An gano shi, aka harhaɗa a Atina, amma sai a 2011 ya dawo mazauninsa, inda yanzu yake bayan gilashi.

Abin da ya kawo ni dai yana sama. Hanyar hawa unguwar tudu tana nannaɗe ne a jikin dutsen kamar rawani, kowace kwana a ƙarƙashin idon ganuwar da ke bisa, ta yadda mutum goma za su iya tsare dubu. Duwatsun daɓen suna da santsi ƙwarai, ga rana, ga iska mai neman fizge hula. Na ga wani dattijo da matarsa sun kai rabi sun haƙura, suka zauna a inuwa suna kallon masu wucewa, kuma zan dawo kan maganarsu. Bayan kimanin rubu'in sa'a sai ga wata ƙofar mai sulken ƙarfe, ita ma da soronta mai kwana. Ana fita daga cikinta sai kango. Nan ne a da masu mulki da attajirai suke zaune, amma tun farkon ƙarni na 20 ba mai kwana a wurin. Ganuwar gidaje ta zube, ciyayi masu ƙamshi sun rufe lunguna, ga bakunan manyan rijiyoyi, ga kufan gidan wanka irin na Turkawa. Gini ɗaya ne ya tsaya cif da rufinsa, a can bakin gaɓa, inda dutsen ya yanke tsaye zuwa teku: majami'ar Ayiya Sofiya.

An gina ta ne wajen shekarar 1150. Al'adar garin takan jingina ta ga Sarki Andironikos na Biyu, wanda ya zo bayan haka da fiye da ƙarni guda, amma binciken fasalin ginin da sassaƙar marmara da zanen bango ya mayar da ita tsakiyar ƙarni na 12. Lokaci ne na wadata. Jiragen Monembasiya suna fatauci a ko'ina cikin Bahar Rum, kuma a 1147 mutanen garin sun kori rundunar ruwan Sarki Roja na Biyu na Sisili, wanda a fadarsa Idrisi ya zana taswirar duniya. Don mai karatu ya sami ma'auni, idan aka bi lissafin Tarihin Kano, shekarun Sarki Gijimasu wanda ya fara ganuwar Kano su ne 1095 zuwa 1134, ke nan badala da wannan majami'a kusan sa'o'in juna ne. Ɗaya ta dutse ce a inda ba mai neman fili, ɗaya ta ƙasa ce a tsakiyar birnin da kowane taku kuɗi ne, kuma kowa ya san wadda ta fi shan wuya.

Daga waje ginin ba shi da girman da zai firgita mutum. An jera sassaƙaƙƙen dutse ne ana kewaye kowane ɗaya da jan bulo, irin aikin maginan Rumawa na wancan zamani. Gwanintar tana ciki. Matsalar da kowane magini ke fuskanta ita ce yadda zai ɗora ƙubba mai da'ira a kan ɗaki mai kusurwa huɗu. A mafi yawan majami'un Rumawa ginshiƙai huɗu ake kafawa a tsakiya su ɗauki ƙaramar ƙubba. A nan kuwa an gina 'yan bakuna a kusurwoyin huɗu, suka mai da murabba'in ya zama mai gefe takwas, sai nauyin ƙubbar ya rabu a kan madogara takwas da ke jikin bango. Sakamakon haka tsakiyar ɗakin ya zama fili fetal, ba ginshiƙin da ya tare ido, haske kuma na zubowa daga tagogin da suka kewaye wuyan ƙubbar. Irin wannan tsari ba shi da yawa a Girka. Fitattun misalansa su ne majami'un Dafni kusa da Atina da Hosiyos Lukas. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakan gizo na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mikaila, ya san wannan jin na ɗaki ya fi ƙarfin bangonsa, ko da yake hanyar da aka bi ta bambanta.

Zanen bangon saura kaɗan ya rage: fuskokin waliyyai a cikin da'ira, wani ɓangare na mala'iku, launuka da suka koɗe suka koma kalar ƙasa. A bangon kudu kuwa, ga wani ɗan lungu da aka fafe, ba ya fuskantar gabas kamar sauran ginin. Mihirabi ne. Na daɗe a gabansa.

Tarihin wannan ɗaki shi ne tarihin garin a taƙaice. Wajen 1248 Faransawan da suka kafa mulki a Felofonisa bayan Yaƙin Gicciye na Huɗu suka karɓi garin, bayan ƙawanyar shekara uku da ta sa mazauna cin abin da ba a ci. A 1262 shugabansu, Wiliyam Bilharduwan, wanda Rumawa suka kama a fagen fama, ya fanshi kansa da garin. Da Sultan Muhammadul Fatih ya ci Felofonisa a 1460, Monembasiya ta ƙi miƙa wuya, ta nemi inuwar Fafaroma, da ta ga inuwar ba ta da kauri sai ta koma hannun Benis. A 1540 Benis ta sallama ta ga Sultan Sulaiman a teburin sulhu, aka shafe zanen majami'ar da farar ƙasa, aka fafe mihirabi, ta zama masallaci. A 1690 mutanen Benis suka dawo bayan ƙawanyar fiye da shekara, suka mai da ita cocin Katolika, suka ƙara mata barandar bene a gaba, wadda tana nan har yau. A 1715 Turkawa suka sake karɓa, aka koma kiran salla. A watan Yulin 1821, bayan wata huɗu na ƙawanya da yunwa, dakarun Turkawa suka miƙa wuya ga 'yan gwagwarmayar 'yancin Girka, kuma ita ce babbar tungar farko da ta faɗi a Felofonisa. Aka kwashe Musulmin garin a jiragen ruwa zuwa gaɓar Asiya Ƙarama, wasunsu ma ba su tsira da rai ba. Mai karatu zai lura cewa a duk wannan jerin, yunwa ce ko yarjejeniya ke buɗe ƙofar. Ganuwar ba ta ci amanar kowa ba, rumbu ne ke ƙarewa.

Ko sunan majami'ar bai tsira daga wannan juyi ba. Masana sun tafi a kan cewa asalinta an keɓe ta ne ga Maryamu da laƙabin Hodigitiriya, wato "mai nuna hanya". Bayan 1821 ne aka kira ta Ayiya Sofiya, bisa zaton cewa kwaikwayon babbar Ayasofiya ta Santambul ce, alhali fasalinsu ba ɗaya ba ne. Sofiya a nan kuwa ba sunan wata mace ba ce kamar yadda baƙi da yawa ke ɗauka. Kalmar na nufin hikima, sunan kuma Hikima Mai Tsarki. Sabuwar ƙasa ce ke kewar babban birnin da ya kuɓuce mata, sai ta raɗa wa abin da ke hannunta sunan abin da ta rasa.

Na san yadda muhawara kan irin waɗannan gine-gine take tafiya a tsakaninmu. Da aka mayar da Ayasofiya ta Santambul masallaci a 2020, bayan ta shafe shekaru tun 1934 a matsayin gidan tarihi, wasu sun yi murna, wasu sun yi baƙin ciki, kowane ɓangare kuma yana da nasa jerin: wannan ya ambaci Ƙurɗuba da aka mai da masallacinta coci a 1236, wancan ya ambaci 1453. Abin da na gani a kan dutsen nan bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Gaskiya ne an ƙwace ɗakin daga masu shi, an rufe zanensu. Gaskiya ne kuma cewa daga cikin ɗimbin gine-ginen unguwar tudu, wanda kowane mai mulki ya ga ya dace ya yi ibada a ciki shi ne kaɗai bai rushe ba, domin kullum akwai mai toshe yoyon rufinsa. Abin da na yaba wa waɗanda suka gyara ginin a ƙarshen shekarun 1950, ƙarƙashin masanin gine-gine Yustatiyos Stikas, shi ne ba su toshe mihirabin ba, ba su kuma rushe barandar 'yan Katolika ba. Da sun ga dama da sun yi, a lokacin ba mai hana su.

Yanzu bari in ɗan yi sana'ata, domin sunan garin ya yi tafiyar da ta fi ta jiragensa nisa. A bakin mazauna ya taƙaita ya zama Monobasiya. Da ya shiga bakin fataken Italiya sai ya koma Malbasiya. Dalili sananne ne ga ɗaliban ilimin furuci: baƙaƙen hanci uku a jere, m da n da m, suna da nauyi, sai harshe ya sauya na tsakiya da l don ya huta. Abin da Bahaushe ya yi wa kalmar Ingilishi ta number ke nan har ta zama lamba. Daga tashar garin ake fitar da wata giyar inabi mai zaƙi da Turai ta zamanin da ta haukace a kanta, sai sunan gari ya zama sunan haja. Faransawa suka ce malvoisie, Ingilishi suka ce malmsey, a Benis kuwa shagunan sayar da ita kansu malvasie ake kiran su, har yau akwai lunguna masu wannan suna a birnin. Daga baya aka riƙa yin giyar a tsibirin Karita, sa'an nan a Madera can cikin Tekun Atlantika, sunan na biye da ita, har aka wayi gari masu shan ta ba su san akwai wani dutse da ya ba ta suna ba. A Ingila an daɗe ana ba da labarin cewa a cikin gangarta aka nutsar da Joji, ƙanin Sarki Edwad na Huɗu, a 1478.

Turkawa kuwa wata hanya suka bi. Da kunnensu ya ji Monembasiya, sai ya nemi kalmar gida mafi kusa, ya sami Menekshe ko Benefshe, sunan wani fure mai launin shuɗi-ja, wanda suka aro daga Farisanci, kuma shi ne banafsaj na Larabci. Sunan da ke nufin tsaro da ƙunci ya koma sunan fure. Mu da muka mai da Eko ta zama Ikko, Onitsha ta zama Anacha, Port Harcourt ta zama Fatakwal, ba mu da bakin yi musu dariya.

Bayan 'yanci garin ya yi ta ƙanƙancewa. Tsaro ya daina zama abin saye, jiragen tururi suka sauya hanya, musamman bayan buɗe mashigin Korinti a 1893, jama'a suka gangara Gefira inda akwai ruwa da mota. A cikin wannan zamani na faɗuwa aka haifi mawaƙi Yanis Ritsos a 1909, a wani gida da ke daf da ƙofar gari, cikin dangin masu filaye da arzikinsu ya karye. Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa da wansa a shekara guda. Gwamnatin kama-karya ta Metaksas ta ƙona littafinsa Epitafiyos a bainar jama'a a 1936, aka tsare shi a tsibiran gwale-gwale daga 1948 zuwa 1952 saboda ra'ayin gurguzu, sojoji suka sake tsare shi a 1967. Ya rasu a 1990, kabarinsa na maƙabartar da ke gefen hanya kafin a kai ƙofa. Ɗaya daga cikin diwanansa sunansa Monobasiya, da lafazin mutanen gida.

Daga ƙarshen shekarun 1960 wasu ma'aurata masana gine-gine, Aleksandros da Haris Kaligas, suka shiga gyaran gidajen unguwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, da irin dutse da fasalin asali. Aikin ya yi kyau matuƙa, kuma shi ya ceci garin daga zama kango irin na sama. Sai dai gidajen da aka gyara galibi sun zama masaukin baƙi, ko gidajen hutun masu hali daga Atina da ƙasashen waje. Waɗanda ke kwana cikin ganuwa rani da damina 'yan ƙalilan ne. Da dare, bayan masu yawon yini sun watse, na zaga lungunan ban ji kukan jariri ko faɗan maƙwabta ba, sai kyanwoyi da ƙarar cokula daga gidajen abinci. An tsare duwatsun, amma ba a tsare unguwa ba.

A kan wannan ne rigimar baya-bayan nan ta taso. Ma'aikatar al'adu ta Girka da ƙaramar hukumar yankin suka fito da shirin kafa motar igiya, wato akwatin da ke ɗaukar mutane yana tafiya a sama a jikin waya, daga wajen ƙofar gari zuwa unguwar tudu, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 7 daga asusun farfaɗo da tattalin arziki na Tarayyar Turai. Hujjarsu ita ce tsofaffi da naƙasassu su ma suna da haƙƙin ganin Ayiya Sofiya, kuma in wani ya faɗi ko gobara ta tashi a sama, a sami hanyar kai ɗauki. Masu adawa, ciki har da masana kayan tarihi da ƙungiyoyin kare muhalli, suka ce turakun ƙarfe da tashoshi za su ɓata fuskar dutsen, kuma ainihin manufar ita ce a ninka yawan masu yawon buɗe ido. A 2025 ƙungiyar Europa Nostra ta sanya Monembasiya cikin wurare bakwai na tarihi da suka fi fuskantar haɗari a nahiyar Turai, saboda wannan shiri.

Ban ɗauki hujjar farko da wasa ba. Dattijon nan da matarsa da na bari a rabin hanya sun zo daga nesa, sun biya kuɗinsu, kuma ba su ga abin da na gani ba. Wanda ƙafarsa ke da lafiya bai kamata ya yi saurin yanke hukunci a kan wanda tasa ba ta da ita ba. Amma na fi karkata ga masu adawa, saboda dalilin da ya shafi ma'anar wurin kansa. Majami'ar ba ta fi wasu da ke Girka girma ko ado ba. Abin da ya bambanta ta shi ne inda take da wahalar isa gare ta, kuma hawan nan mai santsi shi ne ke fahimtar da baƙo, a cikin gwiwoyinsa, dalilin da ya sa Bilharduwan ya shekara uku a ƙasa yana jira. In an buɗe mashiga ta biyu ta sama, wadda ke zuba ɗaruruwan mutane a kowace sa'a a kan kangon da ba a gama tono shi ba, to an sauya abin da ake zuwa gani. Ga shi kuma unguwar ƙasa, inda kowane baƙo ke fara sauka, ita kanta keken guragu ba ya iya bin titinta, kuma masu adawa sun nuna cewa ƙaramin injin ɗaga kaya da aka taɓa kafawa a jikin dutsen lokacin gyaran unguwar tudu ya isa ya nuna akwai hanyoyin da ba su kai wannan tsada da ɓarna ba. Da tausayin naƙasassu ne kaɗai ke tuƙa shirin, da daga titin ƙasa aka fara.